Wutar Lantarki Daga Kwal: Darasin Manyan Tashoshin Afirka Ta Kudu

A arewacin ƙasar Afirka ta Kudu, kusa da iyakarta da Botswana, akwai wani gari da ake kira Lephalale. A bayan garin ne aka gina wata tashar wutar lantarki mai suna Medupi, wadda take ƙona kwal, watau gawayin nan da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. An tsara wannan tasha domin ta ba da wuta mai ƙarfin megawat 4,764. Megawat ɗaya yana iya kunna ƙwan lantarki mai wat 100 har guda 10,000. Domin mai karatu ya ƙara gane girman abin, ƙarfin Medupi ita kaɗai ya yi daidai da wutar da dukan tashoshin Nijeriya suke turawa bisa manyan wayoyin ƙasa a yawancin ranaku, gama wutar takan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000.

Kuma Medupi ba ita kaɗai ba ce. Daura da ita akwai tashar Matimba, sa'an nan a lardin Mpumalanga akwai Kendal da Majuba da Kusile, kowacce tana da ƙarfin megawat wajen 4,000 ko fiye. Amma duk da wannan arziki, a cikin shekarar 2023 sai da hukumar lantarki ta ƙasar, wadda ake kira Eskom, ta riƙa ɗauke wa jama'a wuta unguwa-unguwa, bi da bi, a cikin kwanaki fiye da 330. A wasu ranakun unguwa takan yi awa goma babu wuta.

To, yaya aka yi ƙasar da ta mallaki irin waɗannan manyan tashoshi ta shiga duhu? Amsar tana da amfani ga Nijeriya, domin duk sa'ad da matsalar wuta ta tsananta, sai an ji masu cewa a koma wa kwal ɗin Inugu da na Kogi da na Gombe.

Yadda Kwal Yake Zama Haske

Aikin tashar kwal, in an taƙaita shi, tafasa ruwa ne. Da fari akan kawo kwal daga mahaƙa, a zuba shi cikin manyan injunan niƙa waɗanda suke mai da shi gari mai laushi kamar kwalli. Sa'an nan a hura garin tare da iska mai zafi zuwa cikin wata babbar tukunya, inda yake kamawa da wuta tun yana shawagi. Ita wannan tukunya ɗaki ce ta ƙarfe wadda tsawonta ya fi na bene mai hawa ashirin, bangonta kuwa duk bututai ne da ruwa yake bi ta cikinsu. Zafin wutar shi yake mai da ruwan tururi mai matsanancin ƙarfi, wanda zafinsa ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos.

Daga nan sai a saki tururin ya bugi farfelun wani dogon inji, ya juya su da gudu. A ƙasashen da suke bin tsarin lantarki irin na Nijeriya da Afirka ta Kudu, injin yakan juya sau 3,000 a cikin minti ɗaya. Sandar da farfelun suke a kanta ita ce take juya wani ƙaton maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla, watau janareta, kuma wannan juyin ne yake haifar da lantarki. Sai taransifoma ta ɗaga ƙarfinsa zuwa bolt dubu ɗari huɗu ko fiye, domin ya yi tafiyar ɗaruruwan mil bisa waya ba tare da ya zube a hanya ba.

Tururin da ya gama aiki ba a barinsa ya tafi a banza. Akan sanyaya shi ya koma ruwa, a sake mai da shi tukunya. Manyan hasumiyoyin nan masu faɗin baki da akan gani a hotunan tashoshi aikinsu ke nan, kuma farin abin da yake tashi daga cikinsu tururin ruwa ne. Hayaƙin kwal ta dogayen siraran bututai yake fita.

Wannan dabara tsohuwa ce. A shekarar 1882 aka buɗe tashar kwal ta farko mai sayar wa jama'a wuta a birnin Landan, ƙarƙashin kamfanin Thomas Edison, a shekarar 1884 kuma wani injiniya mai suna Charles Parsons ya ƙera injin farfela mai aiki da tururi. Abin da ya sake tun daga wancan zamani shi ne girma da ingancin ƙarfe. Duk da haka, a yawancin tashoshi, kashi ɗaya cikin uku ne kawai na zafin kwal, ko fiye da haka kaɗan, yake zama lantarki. Sauran yakan ɓace wajen sanyaya tururi da kuma cikin hayaƙi.

Cin Tashar Da Shanta

Tasha mai megawat 4,000 takan ƙone kwal fiye da tan miliyan 10 a shekara. In an raba wannan bisa kwanakin shekara, ya kama wajen tan dubu 30 kowace rana, watau lodin tirela kusan dubu, ba hutun Lahadi, ba na salla. Saboda haka ne injiniyoyi sukan gina babbar tasha a bakin mahaƙa, yadda dogon bel mai tafiya da kansa zai riƙa jigilar kwal dare da rana. Matimba da Medupi duka daga mahaƙar Grootegeluk da take maƙwabtaka da su suke samun nasu.

Inda wannan tsari ya kuskure, akan sha wahala. An gina tashar Majuba ne da nufin wata mahaƙa ta kusa za ta ciyar da ita, amma da aka shiga haƙa sai aka tarar yanayin duwatsun ƙarƙashin ƙasa bai ba da dama ba, aka rufe mahaƙar. Tun daga nan tilas ake kawo mata kwal daga nesa a jirgin ƙasa da manyan motoci, kuɗi yana ƙaruwa, hanyoyi suna lalacewa. A watan Nuwamba na 2014 kuma ɗaya daga cikin manyan rumbunan kwal na tashar ya tsage ya rushe, wutar da take bayarwa ta ragu ƙwarai, aka koma ɗauke wa jama'a wuta.

Bayan kwal sai ruwa. Tashar da take sanyaya tururinta da ruwa takan shanye kusan lita biyu a kan kowane yunit na wuta, watau kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Tun da yake Afirka ta Kudu ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, sai aka gina Matimba da Kendal da Medupi bisa tsarin sanyayawa da iska, wanda bai buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na wancan ruwan. Amma shi ma da nasa aibin: ya fi tsadar gini, kuma a ranar da aka tsananta zafi ƙarfin tashar yakan ragu.

Na uku shi ne toka. Kwal mai kyau ƙasashen waje ake sayar wa, marar kyau shi ake ba tashoshi. A tashar Lethabo, kusan kashi 40 daga cikin 100 na abin da ake zubawa a tukunya toka yake komawa. Wannan toka tana goge bututan tukunya kamar yadda rairayi yake cin ƙarfe, har su huje. Bututu ɗaya in ya huje, dole a kashe inji mai megawat 600, a jira tukunya ta huce, a yi walda, sa'an nan a ɗauki awowi da dama kafin a sake ɗumama ta. Fashewar bututu tana cikin manyan dalilan da suke tsai da injunan kwal a ko'ina cikin duniya.

Daga Yalwa Zuwa Ƙunci

An kafa hukumar lantarki ta Afirka ta Kudu a shekarar 1923. A shekarun 1970 da 1980, zamanin mulkin wariyar launin fata, ta gina jerin manyan tashoshi irin su Matla da Duvha da Tutuka da Lethabo, kowacce da injuna shida. An yi wannan ne musamman domin mahaƙan zinariya da masana'antu da unguwannin Turawa, alhali yawancin baƙar fata suna kwana da fitilar kananzir da kyandir. Wutar ta yi yawa har ta wuce buƙatar waɗanda aka yarda su same ta, aka rufe wasu tsofaffin tashoshi kamar Camden da Grootvlei da Komati. Wutar ƙasar ta zama tana cikin mafi araha a duniya.

Da aka kawar da mulkin wariya a shekarar 1994, sabuwar gwamnati ta ja wuta zuwa miliyoyin gidajen da a da aka hana su. Wannan aiki ne na adalci, amma ya ƙara yawan masu buƙata. A shekarar 1998 wata takardar manufa ta gwamnati ta yi gargaɗi cewa in ba a fara sababbin tashoshi ba, rarar da ake da ita za ta ƙare wajen shekarar 2007. Gwamnati kuwa a lokacin tana jiran 'yan kasuwa su shigo su gina, sai ta hana Eskom ginawa. 'Yan kasuwar ba su zo ba, gama farashin wuta ya yi ƙasa ƙwarai, babu ribar da za ta jawo su.

Yadda takardar ta faɗa haka ya auku. A ƙarshen 2007 aka fara ɗauke wuta, a watan Janairu na 2008 kuma har manyan mahaƙan zinariya suka dakatar da aiki na 'yan kwanaki. Shugaba Thabo Mbeki ya fito fili ya amsa cewa hukumar lantarki ce take da gaskiya, gwamnati ce ta yi kuskure. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ita kuwa babbar tashar kwal ba ta ginuwa a shekara ɗaya ko biyu.

Medupi Da Kusile

Cikin gaggawa aka fara ginin Medupi a 2007, Kusile kuma a 2008. A shekarar 2010 Bankin Duniya ya ba Eskom rancen dala miliyan 3,750, mafi yawansa domin Medupi. Amma shekaru da yawa sun wuce ba a fara sabon gini irin wannan ba, ƙwararrun da suka yi na baya da dama sun yi ritaya ko sun bar ƙasar. Aka sami kurakurai a waldar tukwane da tsarin injuna, ma'aikata suka yi ta yajin aiki, kuɗin ginin ya zarce ƙiyasin farko nesa ba kusa ba. Injin farko na Medupi sai a 2015 ya fara aiki sosai, na ƙarshe kuwa sai a watan Yuli na 2021, shekara 14 bayan fara ginin.

Ba a gama murna ba, a cikin watan Agusta na wannan shekara janaretan inji na huɗu ya fashe. Irin waɗannan janareta da iskar haidirojin ake sanyaya su, kuma ƙa'ida ce a kore ta sarai kafin a bar iska ta shiga, gama haɗuwarsu tana tashi kamar bam. An saɓa wannan ƙa'ida, aka yi asarar fiye da megawat 700 a dare ɗaya. Injin bai koma aiki ba sai a watan Yuli na 2025. A Kusile kuma, a watan Oktoba na 2022 wani babban bututun hayaƙi ya karye saboda nauyin dattin da ya taru a cikinsa, injuna uku suka tsaya kusan shekara guda. Injin ƙarshe na Kusile sai a 2025 aka miƙa shi ga aiki.

A duk tsawon waɗannan shekaru tsofaffin tashoshi ne suka ɗauki nauyin ƙasa. Tun da yake babu rarar wuta, sai aka riƙa ɗage lokacin gyaransu, ana tilasta musu aiki kamar motar haya da ba a kai ta gareji. Bugu da ƙari, hukumar bincike ta Mai Shari'a Raymond Zondo ta bankaɗo yadda aka yi almundahana a kwangilolin sayen kwal. Bashi ya yi wa Eskom katutu, har a shekarar 2023 gwamnati ta yarda ta ɗauke mata nauyin rand biliyan 254.

A farkon 2023 Shugaba Cyril Ramaphosa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar wuta, ya kuma naɗa minista na musamman. Abin lura shi ne, sauƙin da aka samu daga baya yawancinsa daga gyara ya zo. An daure an kashe injuna an yi musu gyara na sosai ko da yake hakan ya ƙara duhu na ɗan lokaci, an dawo da injunan Kusile, jama'a da kamfanoni kuma suka kafa na'urorin hasken rana masu yawa. Daga ƙarshen Maris na 2024 sai da aka yi wajen wata goma ba a ɗauke wuta ta wannan hanya ba.

Hayaƙin Da Ake Shaƙa

Akwai wani bashin kuma wanda ba ya shiga littafin akanta. Hayaƙin kwal yana ɗauke da ƙura mai laushi da sinadarin farar wuta, wanda wasu suke kira kibiritu, kuma dukansu suna jawo ciwon asma da sauran cututtukan huhu. Yankin Mpumalanga, inda tashoshi da yawa suke cunkushe, yana cikin wuraren da iskarsu ta fi ƙazanta a duniya. A watan Maris na 2022 Babbar Kotu a Pretoria ta yanke hukunci cewa wannan ƙazantar iska ta tauye haƙƙin da tsarin mulki ya ba mazauna yankin. Akwai na'urar da take wanke farar wuta daga hayaƙi, amma tana da tsada, tana kuma shan ruwa da farar ƙasa. Kusile ce tasha ta farko a ƙasar da aka gina da ita.

Kazalika, kowane yunit na wutar kwal yana sakin kusan kilo ɗaya na iskar kabon, wadda take ƙara ɗumamar duniya, watau kusan ninki biyu na abin da tashar iskar gas take saki. Wannan ne ya sa ƙasashen duniya suka rabu a kan kwal. Ingila, inda aka fara, ta rufe tasharta ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar mai megawat 2,000, a ranar 30 ga Satumba, 2024, bayan shekara 142 tana ƙona kwal domin lantarki. Ƙasar Sin da Indiya kuwa har yanzu kwal ne yake ba su fiye da rabin wutarsu, kuma ɗaya daga cikin tashoshin kwal mafi girma a duniya, Tuoketuo mai megawat 6,720, a ƙasar Sin take. Har wa yau wajen kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya daga kwal yake fitowa. Sai dai rancen gina sabuwar tasha ya yi wuya. Manyan bankunan Turai da Amurka da yawa sun janye, a watan Satumba na 2021 kuma Shugaba Xi Jinping ya sanar a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ƙasarsa ba za ta ƙara gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje ba.

Ina Matsayin Nijeriya?

Nijeriya ba baƙuwar kwal ba ce. A shekarar 1909 aka gano shi a tsaunukan Udi, saboda shi aka kafa garin Inugu, saboda shi kuma aka ja hanyar jirgin ƙasa zuwa Fatakwal, wadda aka gama a 1916. A mahaƙar Iva Valley ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a ranar 18 ga Nuwamba, 1949, abin da ya ƙara wa neman 'yancin kai ƙarfi. A shekarar 1956 aka buɗe tashar lantarki ta Oji River, ƙarama ce mai megawat wajen 30, tana ƙona kwal ɗin Inugu.

Amma abubuwa uku sun taru sun karya kwal. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, jiragen ƙasa suka koma dizal, sa'an nan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka bar mahaƙai har ruwa ya cika su. Madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968, daga baya kuma tashoshin iskar gas suka karɓi ragama. A yau babu wata babbar tashar kwal da take ba manyan wayoyin Nijeriya wuta. Kwal ɗin da ake haƙa a wurare kamar Maiganga a Jihar Gombe kamfanonin siminti ne suka fi amfani da shi. A maƙwabciya Jamhuriyar Nijar kuwa, kamfanin SONICHAR ya fara ba da wuta a 1981 daga wata ƙaramar tasha a Anu Araren, kusa da Agadas, mai megawat ƙasa da 40. An gina ta a bakin mahaƙarta, daidai da buƙatar mahaƙan yuraniyom na Arlit da garuruwan yankin.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu bai nuna cewa kwal ba ya ba da wuta ba. Shi ne ya riƙe masana'antun ƙasar shekara da shekaru, kuma har yanzu shi yake ba ta wajen kashi 80 daga cikin 100 na wutarta. Abin da ya nuna shi ne, gina tasha shi ne mafi sauƙi daga cikin aikin. Nijeriya ma ta san wannan daga nata tashoshin: injunan da aka kafa ƙarfinsu ya kai megawat wajen 13,000, amma rashin isasshen gas, da bashin da ba a biya ba, da raunin manyan wayoyi sun hana ko rabinsa isa ga jama'a.

Saboda haka duk sa'ad da aka kawo shawarar gina babbar tashar kwal, akwai tambayoyin da ya wajaba ma'aikacin da takardar ta zo teburinsa ya nemi amsarsu a rubuce. An auna yawan kwal ɗin da ingancinsa, an tabbatar zai ciyar da tasha shekara 40? Daga wane kogi ko madatsa ruwan zai fito, kuma manoma da makiyaya nawa ne suke dogara da shi? Wane ne zai ba da rance, da wane sharaɗi? An ware kuɗin gyara na kowace shekara, an kuma horar da injiniyoyi da masu walda tun kafin a aza harsashi? Ina za a zuba toka, su wane ne kuma za su shaƙi hayaƙin? Sa'an nan a gwada dukan wannan da kuɗin gyara tashoshin gas da ake da su, da na madatsun ruwa, da na hasken rana wanda Allah ya hore wa Arewa.

Ɗaliban da suke karatun injiniya a jami'o'i da kwalejojin fasaha su ne za su gaji duk abin da aka yanke, ko alheri ko bashi. Afirka ta Kudu ta biya kuɗin wannan darasi da duhun shekara goma sha shida. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.